Tsiro ma yana da garkuwar jiki?

Tambaya: Malam, tsiro ba shi da jini, to da me yake yaƙar cuta?

Amsa: Malama, yana da nasa makaman. Santsin nan mai kama da kakin zuma a bayan ganye shi ne kariyar farko. In ƙwayar cuta ta kutsa, sai tsiron ya kashe ɗan wurin da ke kewaye da ita da gangan, ta rasa abin ci. Wasu busassun ɗigo da kike gani a ganye tabon haka ne.

Ni abin da ya fi burge ni, a 1961 wani masanin cututtukan tsirrai mai suna Frank Ross a Amurka ya shafa wa ganyen taba na ƙasa ƙwayar bairos, bayan mako guda na sama suka fi jure mata. Sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, yana cikin masu tayar da sauran ganyen su shirya.