Amsa ga mai tambaya kan Murtala da yaƙin Biyafara

Ɗan uwa ka tambaya wai da gaske ne marigayi Janar Murtala yana da tabo a yaƙin basasa, ko dai sharrin 'yan kudu ne kawai. To ni dai na taso a Kano cikin masu ƙaunar mutumin nan, kuma na yi zaman kasuwanci a Asaba, don haka na ji ta bakin kowane ɓangare, abin da zan ce maka shi ne ba sharri ba ne.

Murtala ɗan Kano ne, 1938 aka haife shi, ya yi Barewa ya wuce Sandhurst a Ingila. Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwar gayya na Yulin 1966 bayan kashe su Sardauna da Tafawa Balewa. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 sai aka ba shi Runduna ta 2, kuma gaskiya ya yi namijin ƙoƙari, cikin ɗan lokaci ya kori sojan Biyafara daga yankin Midwest ya ƙwato Benin a watan Satumba.

Matsalar daga bakin Kogin Kwara ta fara. Ranar 7 ga Oktoba 1967 mutanen Asaba suka fito cikin fararen kaya suna rawa suna kiran Najeriya ɗaya don su nuna ba sa tare da 'yan tawaye, aka ware maza daga mata a unguwar Ogbe-Osowa aka buɗe wa mazan wuta, ɗaruruwa suka mutu. Sojojin rundunarsa ne suka yi. Har yau ana ja-in-ja kan wane ne ya ba da umarni, amma shi ne kwamanda kuma ba a gurfanar da kowa ba. Wani dattijo da muke ciniki da shi a can, ranar da hira ta biyo ta kan yaƙin sai ya fara lissafo min 'yan gidansu da yatsu, uba da ƙanin uba da yayye, ya kai ƙarshen hannu ya koma ɗayan. Wallahi kasa cewa komai na yi.

Sai kuma batun tsallaka ruwa. 'Yan Biyafara sun fasa gadar Onitsha, hedikwata a Legas ta ce a zagaya ta Idah a tsallaka inda babu abokan gaba, shi kuwa ya kafe sai dai a shiga jiragen ruwa a tunkari Onitsha kai tsaye. Sau uku ana gwadawa ana dawowa da asara, kuma da yawa cikin yaran nan sababbin ɗauka ne da ko iyo ba su iya ba, ga bindiga ga kaya a baya ga ruwa. A Maris 1968 kuma aka yi wa ayarin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama wuta motoci birjik suka ƙone.

Abin da ya sa muke mantawa da wannan shi ne mulkinsa. Daga Yulin 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976 da su Dimka suka harbe shi a Legas, ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya yanke a koma Abuja, ya tsaya wa ƙungiyar 'yan gwagwarmayar 'yanci ta MPLA a Angola duk da matsin Amurka, ma'aikata suka koyi zuwa ofis a kan lokaci. Amma ko a nan ma korar ma'aikata sama da dubu goma da aka yi, an haɗa da waɗanda ba a ko saurari bahasinsu ba. Halin nan ɗaya ne, zafin nama da rashin jiran shawara, wani wuri ya yi amfani wani wuri ya ci rayuka.

Ni har gobe ina masa addu'a, amma idan ɗan Asaba ya kawo maka maganar nan kada ka ce masa ƙarya yake, ka saurare shi, don kakanninsa ne aka binne a can.