Amsa kan katakon da ke karyewa a goshin jirgi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka, ka ce siraran katakon da kake rufe jikin ɗan ƙaramin jirgin ruwa na kwaikwayo da su suna karyewa duk ka zo goshi, wane katako za ka canza. To ni dai ka saurara, kar ka canza komai tukuna. Na ga hoton da ka turo, katakon nan lafiyarsa lau. Haƙarƙarin jirgin ne ba ka goge ba.

Ka ga falankan nan da ka jera a kan ƙashin bayan jirgi, wato haƙarƙarin, yadda suka fito daga kwali bakinsu a tsaye yake cak. Na tsakiya ba matsala. Amma uku ko huɗun da ke gaba, inda jiki ke tanƙwarowa, dole ka ci bakinsu a karkace da magagari ko samfefa da ka naɗe a jikin ɗan katako. Ka ɗauko siriri ɗaya ka kwantar a kansu ba gam, ka duba da ido. In kan tsini kawai yake taɓawa, kana hango haske ta ƙarƙashi, to da saura. Sai ya kwanta luf a kan faɗin bakin gaba ɗaya. A kan tsinin nan yake ɓallewa, shi ne ƙarar da kake ji, ƙas. Aikin gundura ne, zai iya cin maka yini biyu ba ka ga jirgi ya ƙaru da komai ba, shi ya sa kowa ke tsallake shi.

Sannan jiƙawa. Ka ce ka bar su cikin ruwa kwana guda, haba! Zafi ne ke lanƙwasa katako, ruwa taimako kawai yake yi. Minti 15 zuwa 20 a ruwan ɗumi ya isa, sai ka bi shi a hankali a jikin ƙarfen solda har ya ɗauki siffa. Ko masu ƙera na gaskiyar da tururi suke laushe katako. Kuma ka bari ya bushe kafin ka manna, in ba haka ba zai tsuke daga baya ya bar maka tsaga.

Wai ma tsaya, wa ya ba ka shawarar fara da samfurin Victory, jirgin yaƙin nan na Birtaniya? Wannan abu ya daɗe yana ci min rai. Masu sayar da kayan nan sai su buga hoto mai kyau a kwali, mutum bai taɓa manna katako biyu ba ya kinkimo. Jirgin da aka saka a ruwa a 1765, mai igwa 104, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805, har yau yana nan a Portsmouth ta Ingila. Hawa uku na igwa! Kowace tagar igwa sai ka yanka ta ta zo daidai da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. Ga goshinsa a dunƙule, mafi wuyar rufewa ke nan. Ba a zo kan igiyoyi ba ma, tsanin zaren nan da matuƙa ke takawa su hau jigo, ƙulli dubbai ne, ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Akwai wani kamfani, ba zan kama suna ba, na sayi nasu, ƙashin bayan ya zo a murɗe tun daga kwali, takardar bayani kuwa shafi kaɗan, wai “a rufe jiki da katako”, shi ke nan. Na rubuta musu, shiru har yau. Kuma a jikin kwalin an rubuta ya dace da ɗan koyo. Ɗan koyon wa? Kai, bari dai in bar wannan.

Ina nake ma... yauwa, faɗi. Katakon ba zai tafi da faɗi ɗaya daga tsakiya har goshi ba. Ka yanki siririyar takarda ka auna bakin kowane haƙarƙari. A ce na tsakiya milimita 60 ne, katakonka milimita 5, guda 12 ke nan. In na gaba 36 ne, to kowanne sai ya koma milimita 3 a wurin. Ka fere gefe ɗaya kawai, kuma kar ka wuce rabin faɗinsa. In lissafi ya nuna zai wuce rabi, sai ka tsayar da ɗaya a hanya, biyu su haɗe su zama ɗaya.

Ɗazu na ce kar ka canza komai, a'a, akwai abu ɗaya, gam ɗin nan. Na ga fari-fari a hoton, sufa gulu ne. Ka koma farin gam na kafintoci da ƙananan fil, yana ba ka lokacin gyara, kuma in ka jiƙa shi yana saki. Sufa gulu yana shiga cikin katako, in ka zo shafa fenti ko banish tabon zai fito.

Tunda naka mai rufi biyu ne, wato sau biyu za ka rufe jikin da katako, na farkon ba wanda zai gani, ka cike ramukan ka goge, a na biyun za ka nutsu. Siraran katakon da ka riga ka manna a gaba dai ka ɓamɓare su. Ka sake turo hoto, amma daga sama ka ɗauka, ina so in ga ko ƙashin bayan a miƙe yake.