Tambaya da Amsa: Me Ake Ajiyewa Kafin a Yi wa Waya Filashin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gyaran waya, kuma na ji ana cewa kada a yi filashin, wato sake zuba wa waya babbar manhajarta, sai an kwafi bayanan masana'anta. Hotuna da lambobin mutane ake nufi? Kuma yaya ake kwafar su?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a, ba su ba ne. Ma'adanar waya, eMMC ce ko UFS, a rarrabe take sashe-sashe. Babbar manhaja ko ta lalace ana iya sauko da wata. Amma akwai ƙananan sassa da aka rubuta wa wannan wayar ita kaɗai tun a masana'anta: lambar IMEI (lambar shaidar wayar), adireshin Wi-Fi da Bluetooth, da saitin da ke sa ta kama sabis daidai. A wayoyin da ke da ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek su ne nvram, nvdata, proinfo, protect1 da protect2. A na Qualcomm kuwa modemst1, modemst2, fsg da persist. Samsung na kiran nata EFS.

Da farko ka danna *#06# ka rubuta IMEI a takarda, ka kuma tabbatar batir ya wuce rabi. Idan MediaTek ce, buɗe manhajar SP Flash Tool a kwamfuta, ka ɗora fayil ɗin scatter (taswirar sassan ma'adanar) na ainihin samfurin wayar, ka shiga Readback. Kowane sashe yana da adireshin farawa da girmansa a cikin scatter. Su za ka kwafa daidai, ko sifili ɗaya ka tsallake wani wuri daban za ta karanto. Danna Read Back, sannan ka jona wayar a kashe. Sababbin wayoyi da dama sai da fayil ɗin izini na kamfani suke yarda. Ga Qualcomm ana ajiye bayanan IMEI da saitin sabis a fayil ɗin QCN da manhajar QPST, bayan an buɗe hanyar diag, wadda kwamfuta ke bi ta karanto su.

In an gama, duba girman kowane fayil ya yi daidai da na scatter, don kebul mai rawa yana yanke karatu a tsakiya. Ka ajiye a kwamfuta da wani wuri na biyu, da sunan samfuri da IMEI. Kada a bar shi cikin wayar, domin buɗe bootloader, wato cire makullin da ke hana sauya manhajar waya, na share ma'ajiyar mai waya gaba ɗaya.

Babbar ɓarna daga zaɓin Format All + Download na SP Flash Tool take zuwa, shi ke goge nvram. Wayar za ta kunnu lafiya, amma IMEI ya ɓace, layi ba ya hawa, wani lokaci a ga NVRAM WARNING cikin jerin Wi-Fi. Mu dai shawararmu, mai koyo ya tsaya ga Download Only.

Tambaya: In ban ajiye ba, zan iya zuba na wata waya irinta?

Amsa: Kada ka yi. IMEI ɗin waccan zai biyo, saitin sabis kuma ba na wannan wayar ba ne, sai ta riƙa yanke kira. Wasu wayoyin ma sun ɗaure bayanan da kwakwalwarsu, ba za su karɓa ba. Sauya IMEI laifi ne a ƙasashe da dama, don haka a kai ta cibiyar gyara ta kamfanin tare da kwalinta da rasit.