Tambaya da Amsa: Michael Ende da fim ɗin da ya ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani tsohon fim tare da 'ya'yana, labarin wani yaro da ya ɓuya yana karanta littafi har ya wayi gari a cikin labarin. An ce mini Bajamushe ne ya rubuta littafin, kuma bai ji daɗin fim ɗin ba. Ina roƙon a ba ni tarihinsa da dalilin ɓacin ransa. Daga wata uwa mai karanta mujallar nan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Marubucin shi ne Michael Ende, littafin kuma *Die unendliche Geschichte*, wato Labari Marar Ƙarshe, wanda ya fito a 1979.

An haife shi ranar 12 ga Nuwamba 1929 a Garmisch, kudancin Jamus, ya girma a birnin Munich. Mahaifinsa, Edgar Ende, mai zane ne wanda hotunansa suka yi kama da abin da mutum yake gani a mafarki, kuma a 1936 gwamnatin 'yan Nazi ta haramta aikinsa. Saboda haka tun yana ƙarami Michael ya ga cewa hukuma tana iya jin tsoron abin da tunanin mutum ya ƙago, kuma a ganina wannan ya bi shi har cikin rubutunsa. A 1945 aka kira shi aikin soja yana da shekara 15, bai je ba. Bayan yaƙi ya koyi wasan kwaikwayo a Munich, amma sana'ar ba ta karɓe shi ba.

Littafinsa na farko na yara, labarin Jim Knopf, wani yaro baƙar fata, da abokinsa Lukas direban jirgin ƙasa, ya sha yawo a hannun kamfanonin ɗab'i suna mayar masa da shi, kafin kamfanin Thienemann ya buga shi a 1960. Shekara ta zagayo ya ci kyautar adabin matasa ta Jamus. Duk da haka masu sharhi da dama na wancan zamani sun zarge shi da koya wa yara gudun duniya, domin a wurinsu littafin kirki sai ya yi maganar matsalolin al'umma kai tsaye. Wannan suka na cikin abin da ya sa ya ƙaura da matarsa Ingeborg Hoffmann zuwa Genzano, kusa da birnin Roma a Italiya.

A can ya kammala *Momo*, wanda ya fito a 1973, littafin da nake ganin ya isa amsa ga masu sukarsa. Momo marainiya ce da baiwarta ita ce sauraron mutane, sai wasu mutane masu launin toka suka zo suna lallashin jama'a su ajiye lokacinsu a banki, alhali sace shi suke yi. Wanzami ya daina hira da masu zuwa aski, iyaye suka daina zama da 'ya'yansu, kowa yana sauri, babu wanda ya ga lokacin da ya tara.

Batun fim ɗin 1984, wanda Wolfgang Petersen ya ba da umarni, ya samo asali ne daga inda aka tsaya. Fim ɗin ya ɗauki kusan rabin farko na Labari Marar Ƙarshe kawai, ya bar rabin da yaron, Bastian, yake samun duk abin da ya yi fata, amma kowane buri ya cika sai ya manta wani abu na rayuwarsa ta gaskiya, har ya manta da sunansa. Nan ne zuciyar labarin, domin sai Bastian ya dawo gida ga mahaifinsa tafiyar take da amfani. Ende ya nemi a dakatar da aikin ko a canza masa suna, ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, sai dai an cire sunansa daga farkon fim ɗin. Ina ganin yana da gaskiya, ko da yake fim ɗin ya jawo wa littafin masu karatu da yawa.

Bayan rasuwar matarsa a 1985 ya koma Munich, a 1989 ya auri Mariko Sato, wadda ta fassara aikinsa zuwa harshen Japan. Ya mutu ranar 28 ga Agusta 1995 kusa da Stuttgart sakamakon ciwon daji na ciki, kuma akwai ɗakin tunawa da shi a fadar Blutenburg da ke Munich.