Me Ya Sa Ƙananan Jiragen Sama Suka Fi Faɗuwa?

Tambaya: Malam, sau da yawa in aka ce jirgi ya faɗi, sai ka ji ƙarami ne mai ɗaukar mutum huɗu ko shida. Injinsu ne ba ƙwari, ko tsufa ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiyarka, sun fi manyan jiragen fasinja haɗari nesa ba kusa ba. Sai dai inji ba shi ne babban mai laifi ba. A Amurka, inda irin waɗannan jirage suka fi yawa, binciken NTSB, hukumar da ke bincikar haɗuran sufuri, ya daɗe yana nuna cewa abin da ya fi cin rayuka shi ne jirgi ya kuɓuce wa matuƙi a sama, sau da yawa injin na aiki lafiya lau.

Ga wata hanya da hakan ke faruwa. Matuƙin da bai koyi tuƙi da na'ura ba, wato dogaro da na'urorin da ke gabansa in ba ya ganin waje, idonsa ne jagoransa: yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. Da ya shiga gajimare ko duhun dare, wannan layin ya ɓace. Nan cikin kunnensa, mai riƙe daidaiton jiki, zai fara yaudararsa. Jirgi ya karkata yana gangarowa, jikinsa na ce masa a miƙe yake. Ya ja sitiyari don ya hau, juyin ya ƙara tsanani. A wani gwaji na Jami'ar Illinois a 1954, irin waɗannan matuƙa sun rikice cikin daƙiƙa 178 a matsakaici bayan an hana su ganin waje. Haka ya faru da John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, yana tuƙa ƙaramin jirginsa a Yulin 1999, cikin dare mai hazo a kan teku, ya rasu tare da matarsa da yayarta.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaici. Babban jirgi na da matuƙa biyu da kamfanin da zai ce kada a tashi. Mai ƙaramin jirgi kuwa shi kaɗai ke yanke hukunci, ga taro na jiransa, ga kunyar komawa baya. Wasu ma mai ke ƙare musu a sama don sun ƙi tsayawa shan mai.

An samu sauƙi a hankali, da taimakon GPS, taswirar yanayi a gaban matuƙi, da lemar da ke sauko da ƙaramin jirgi ƙirar kamfanin Cirrus ɗungurum in an samu matsala. A nan gida kuwa, in za ka hau ƙaramin jirgi lokacin hazon hunturu ko bayan magariba, tambayi matuƙin ko yana da lasisin tuƙi da na'ura. In babu, a bari sai gari ya washe.