Hukuncin tara tsofaffin garmaho: sha'awa ce ko jari, kuma akwai zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Na daɗe ina sayen tsofaffin garmaho waɗanda ake murɗawa da hannu, har da fayafayansu, wasu a kasuwar Jankara, wasu a hannun magada. Ina son su ne kawai, amma a raina ina cewa wata rana za su yi tsada. Ya halatta? Kuma zan fitar musu da zakka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya yi wa dukiyarka albarka.

Garmaho na'ura ce da ke maimaita abin da aka naɗa a faifai. Edison ya ƙirƙiro ta farko a 1877, Berliner kuma ya zo da mai faifai a 1887. Hukuncinta yana bin abin da ake saurara da ita, kamar rediyo. Saye da ajiyewa halal ne, sai dai ka nisanci faifan batsa. Hoton karen nan na tambarin HMV, wato kamfanin garmaho da fayafayai, zane ne marar inuwa, bai kai haram ba a mazhabarmu ta Malikiyya.

Zakka kuwa tana rataye ne da niyyarka ranar da ka biya kuɗi. In ka saya don ka ajiye ka ji daɗi, babu zakka ko darajarta ta kai miliyoyi, saboda hadisin Bukhari da Muslim cewa babu zakka a kan Musulmi cikin bawansa da dokinsa. Tunanin "wata rana za ta yi tsada" da ke gilmawa a zuciya bai mai da ita hajar kasuwa. Ko daga baya ka ƙudurta sayarwa, a wurin Malikiyya niyya kaɗai ba ta isa ba: sai ka sayar, kuɗin ya shekara a hannunka.

In kuwa tun farko ka saya da nufin riba, ko ka haɗa nufin riba da na morewa, to haja ce, kamar yadda Khalil, malamin Malikiyya, ya rinjayar a littafinsa Mukhtasar. Tunda ba kullum kake saye da sayarwa ba, jiran farashi kake, hukuncinka na muhtakir ne: ba ka yi mata ƙima duk shekara. Ranar da ka sayar, in shekara ta riga ta cika, kuɗin kuma ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na shekara ɗaya tak, ko da ta shekara goma a ɗakinka. Mafi yawan malamai suna ganin a yi ƙima kowace shekara, wanda ya bi su ya yi ihtiyaɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya riƙa kiran sha'awarsa jari don iyali su yi shiru. Masu sayen irin wannan kaya kaɗan ne, ranar buƙata da wuya ka samu mai biya nan take, ga danshin Legas da ke cin ƙarfe, faifan kuma da ya faɗi ya fashe. Jabu ma ya yi yawa, musamman masu ƙahon tagulla da ake harhaɗawa a Indiya a manna musu tambarin HMV. In ka gano akwai irinsu a cikin naka, wajibi ne ka bayyana wa mai saye, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Su ma magadan nan, kada ka yi amfani da rashin saninsu ka karɓe kayan gado da araha, balle in akwai marayu.

Ka duba kowace ɗaya, ka rubuta niyyar da ka saye ta da ita da ranar saye. Kada kuma ka ƙara wata alhali akwai bashi a kanka ko kuɗin makarantar yara bai cika ba.

Wallahu a'alam.