Tafiya Disney World a mota da yara a hutun Disamba: amsa ga ƙanwarmu ta Bronx

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kuna so ku tafi Orlando a jihar Florida, inda filayen wasan Disney World suke, a motarku a hutun makaranta na ƙarshen Disamba, ke da maigida da yara huɗu, autar ba ta cika shekara biyu ba. Shi kaɗai ke tuƙi, kuma ra'ayinsa ku tashi bayan isha'i ku yi ta a zama ɗaya, yara na barci, kuɗin otal ya tsira. Kina tambaya ko hakan zai yiwu, da kuma abin da ya kamata ki shirya.

Mu ma daga New York muke tashi, kuma tun yaranmu suna ƙanana muke bin wannan hanya a cikin sanyi. Don Allah ki lallaɓa baban yara ya ajiye maganar zama ɗaya. Daga Bronx zuwa Orlando ya kusa mil 1,100, wato sama da kilomita 1,700, ya fi Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi. Waya za ta nuna muku awa 16 ko 17, amma wannan lissafin motar da ba ta tsayawa ne. Ki ɗora shan mai, fitsarin yara huɗu da ba ya zuwa lokaci guda, canza famfas, salla, da cunkoson hutu, kin ga an doshi awa 21. Mutum ɗaya, bayan ya wuni a farke, ya riƙe sitiyari tun dare har daren gobe da iyalinsa duka a baya, wallahi ko ni ce uwarsa ba zan sa masa albarka a kan wannan ba. Barcin da ke kama direba tsakanin ƙarfe uku na dare da asuba ba ya sallama, kuma a daidai lokacin ne kwalta ta fi daskarewa.

Ku raba ta kwana biyu. Ku loda mota tun da dare, ku yi sallar asuba ku kama hanya. Daga gida zuwa Washington kamar awa huɗu da rabi ne, don haka za ku isa bayan masu zuwa aiki sun ragu. Wurin da ya fi cin rai a duk babbar hanyar I-95 da za ku bi shi ne daga Washington zuwa Fredericksburg a jihar Virginia; in yamma ta same ku a nan, sai dai haƙuri. Ku kwana a North Carolina, tsakanin Rocky Mount da Fayetteville, inda otal suke birjik a bakin hanya. Fayetteville ce kusan tsakiyar tafiyar, amma in kun ga duhu zai riga ku, ku sauka tun kafin nan. A Disamba rana na faɗuwa New York wajen huɗu da rabi na yamma, can North Carolina kuma jim kaɗan bayan biyar. Rabin farko shi ne mai haɗarin ƙanƙara, shi ya sa nake so ku yi shi da hasken rana. Kashegari ko da tuƙin ya ɗan fi tsawo, kuna gangarawa ne inda ake samun ɗumi: South Carolina, Savannah a Georgia, Jacksonville, sai ku bar I-95 a Daytona Beach ku hau I-4 zuwa Orlando. Ki kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada.

Dalilin wannan sokewar shi ne abin da na fi so ki riƙe a duk bayanin nan: yanayi ne zai zaɓa muku ranar tashi. Ku sa rana, amma ku bar kwana guda gabanta da guda bayanta a buɗe, kina duba hasashen yanayi na hanyar duka tun saura kwana biyar, musamman Maryland da Virginia. Mutanenmu kan ɗauka da an wuce Washington an bar dusar ƙanƙara a baya. Ranar 3 ga Janairun 2022 aka fara da ruwan sama a Virginia, wanda ya hana a zuba gishirin narkar da ƙanƙara a hanya tun da wuri, sannan dusar ƙanƙara ta sauko da ƙarfi, manyan motoci suka gitta, I-95 ta toshe tsawon mil 40 ko fiye a wajen Fredericksburg. Mutane suka kwana cikin motocinsu, wasu mai ya ƙare musu. Sanata Tim Kaine na cikin waɗanda abin ya rutsa da su, ya yi kusan awa 27 a hanya. Waɗannan mutane a babbar hanya suke, kusa da babban birnin ƙasa. Saboda haka tankinku kada ya sauka ƙasa da rabi sai kun shiga South Carolina. Bargo biyu, ruwan sha da yawa, tocila, ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, da abin cajin waya mai riƙe wuta, duk su zauna inda hannu ke kaiwa, ba ƙarƙashin akwatuna ba. In Allah Ya kiyaye kun maƙale kuna kunna mota don hita, maigida ya riƙa fita yana share bakin salansa. In dusa ta toshe shi, hayaƙin ciki yake komawa, ba shi da wari, kuma yara yake fara kamawa.

Motar kanta ta je wurin bakanike mako biyu kafin tafiya, don in akwai abin da za a sauya a samu lokaci. Batir ne kan gaba, sanyi ke tona asirin wanda ya tsufa. Sai taya da birki, da ruwan wanke gilashi irin wanda ba ya daskarewa. Ruwan gishirin da manyan motoci ke fesowa yana rufe gilashi fari fat cikin minti kaɗan. Iskar taya na raguwa da sanyi, a auna ta da safen tafiya, har da ta safaya. Ki kuma tuna wa maigida gada tana riga sauran titi daskarewa, kuma kwaltar da ke sheƙi kamar ta jiƙe da sanyin asuba sau da yawa ƙanƙara ce.

Maganar kujerar yara ta mota ina so in tsaya a kanta, don ina ganin abin a ƙofar masallaci duk hunturu. Uwa ta naɗe yaro cikin ƙatuwar rigar sanyi mai kumburi, ta ɗaure shi a kujera, tana ganin bel ya kama. Bai kama ba. In aka yi karo, rigar lotsawa take yi, a bar gibi tsakanin yaro da bel. Ki ɗumama motar tukuna, ki cire wa auta rigar a bakin ƙofa, ki zaunar da ita da suwaita mara kauri, ki ja bel ɗin har sai kin kasa tsunkuno shi da yatsu biyu a kan kafaɗarta. Sannan ki juya rigar ki zura hannayenta ta gaba, ko ki lulluɓa mata bargo a sama. Za ta yi kukan minti ɗaya, ba komai. Kuma duk awa biyu ko kusa da haka a tsaya a fito da ita ta miƙe, direba ma ya zagaya mota ya sha iska.

Ki ja wa maigida kunne a kan gudu a Virginia. Wuce mil 85 a awa, ko ɗara iyaka da mil 20, a dokarsu babban laifi ne da ke iya kai mutum gaban alƙali, ba tarar da za a biya ta intanet a manta ba. Georgia ma tana ƙara dala 200 a kan tarar wanda ya kai 85. A South Carolina kuma mafi yawan hanyar layi biyu ne kacal kowane ɓangare, ƙaramin hatsari sai ya tsayar da kowa, kada ku yi mamaki. E-ZPass ɗinku na biyan kuɗin hanya ku cika shi da kuɗi. New Jersey, Delaware da Maryland duk za su ci nasu, kuma yanzu hanyoyin biya na Florida ma suna karɓarsa.

Abinci kuwa daga gida. In kun bar Richmond, samun halal a bakin hanya sai an sha wuya, kuma kudancin Amurka naman alade na shiga har cikin wake da ganye. Ni dambun nama nake yi, da soyayyen naman da ya bushe sosai, cincin, dafaffen ƙwai, burodi, ayaba da lemo, sai shinkafa dafa-duka a kula don abincin ranar farko, da filas biyu, ɗaya shayi ɗaya ruwan zafi zalla. Kowane yaro da jakarsa ta abin taɓawa mai sunansa, yana rage faɗa ƙwarai. Kada ki manta da buta da dadduma. Kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa salla a hanya, kuma da gajartar ranar hunturu haɗa azahar da la'asar a tsayawa ɗaya yana taimako. Amma a Malikiyyar da muka tashi a kai, in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Orlando, cikawa za ku yi da kun isa. Ki sa maigida ya ƙara tambayar liman kafin ku tashi.

A Orlando, mu shida kamar ku gidan haya a Kissimmee, garin da ke kusa da Disney World, ya fi mana ɗakin otal. Akwai kicin da injin wanki, ki tuƙa tuwonki da dare, kuma yankin hanyar 192 ba a rasa shagunan halal. Masallacin Islamic Center of Orlando yana kusa da Lake Buena Vista in Juma'a ta same ku.

Kada ki sayi tikitin da zai fara kashegarin isarku. Ku huta yini guda, ku yi cefane, yara su yi barci. Wannan ranar ce kuma za ta cece ku in yanayi ya jinkirta tashi. Tikitin Disney World da kwanan wata ake sayar da shi, ba a mayar da kuɗi, ko da yake ana iya sauya rana a cika bambanci. Na kwana uku ana cinye shi cikin kwana biyar, na kwana huɗu cikin bakwai, don haka kina iya sa hutu a tsakani, kuma ki sa. Autarki kyauta za ta shiga tunda ba ta kai uku ba, amma duk wanda ya kai shekara 10 kuɗin babba ne. Ki kuma shirya zuciyarki: makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi cika da tsada a duk shekara. Tikitin yini ɗaya na filin Magic Kingdom kan kai wajen dala 200 a kan mutum guda, ajiye mota ma sai an biya kullum, layin manyan wasanni kuma ya wuce awa biyu. Ranar 25 da 31 ga wata ku yi zamanku a gida.

Filayen wasan na Disney World huɗu ne, kuma kowanne yini guda yake ci: Magic Kingdom, wanda aka fara buɗewa a 1971, sai EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Da yara irin naki biyu sun isa, ko uku in aljihu ya yarda. Magic Kingdom dole ne. Na biyu ni Animal Kingdom zan zaɓa, saboda motar da ke ratsa dajin da aka yi wa raƙuman dawa, giwaye da zakuna. Babba da yaro duk suna shiga, kuma da safe dabbobin sun fi fitowa.

Abin da ke ba sababbin zuwa mamaki a Magic Kingdom shi ne inda ake ajiye mota ba ƙofar shiga ba ce. Za ki fito, ki naɗe keken yarinya, ku hau motar jigila zuwa wurin bincike, daga nan ku hau jirgin dogo na sama ko jirgin ruwa ku tsallake tafki, sannan ki ga ƙofa. Da yara wannan kaɗai na iya cin kusan awa guda. Ku isa wurin ajiye mota awa ɗaya kafin a buɗe, ki ɗauki hoton lambar layin da kuka faka. Awa biyun farko na safe sun fi duk sauran yinin albarka. An yarda ki shiga da abincinki, ban da kwalba, kuma keken yara kada ya wuce faɗin inci 31. Irin mai kama da amalanke da ake ja an hana shi. Kowane fili yana da ɗakin kula da jarirai, da wurin shayarwa a keɓe da abin ɗumama abinci, can nake fakewa in rana ta take. In akwai wasan da auta ba za ta hau ba, ki gaya wa ma'aikacin bakin layi kuna son musanya: ɗayanku ya hau da manyan, ya dawo ya karɓi yarinya, ɗayan ya shiga ba tare da sake bin dogon layin ba.

Kayan sawa kuma kada Florida ta ruɗe ki. Da rana a Disamba ana samun digiri 22 ko 23 a ma'aunin Selshiyos, amma dare kan sauka wajen 10, kuma a Kirsimetin 2022 sai da sanyin Orlando ya kai na daskarar da ruwa. Lokacin wasan wuta na dare, bayan yaro ya yi zufa ya gaji, nan sanyi ke kama shi. Suwaita da hula su kasance a jakar keke kullum.

Dawowa ta fi zuwa wuya, don kowa ya gaji kuma kuna shiga sanyi ne maimakon fita daga cikinsa. Ita ma kwana biyu, ku bar yini guda tsakanin isowarku da komawa makaranta, rigunan sanyi kuma a saman kaya tun daga Kissimmee. In har maigida ya dage ba ya son kwanan hanya, akwai jirgin ƙasa na Amtrak mai suna Auto Train, yana ɗaukar mutane da motarsu daga Lorton a Virginia da yamma, ya sauke su Sanford kusa da Orlando da safe, kamar awa 17. Yana da tsada a wannan lokaci kuma wuri na ƙarewa da wuri, amma shi zai kwana yana barci, ku ma haka.

Kafin ki yi wa yara alkawarin kowane wasa, ki tsayar da su jikin bango da takalmansu ki auna su, don da tsayi ake shiga ba da shekaru ba: Space Mountain sai inci 44, Seven Dwarfs Mine Train inci 38. Ki turo min tsayin ukun da ranakun hutun maigida, in taya ki jera wace rana za ku je ina. Allah Ya kai ku lafiya, ki gaishe min da yaran.